Ustaz Jibrin, Mutumin da Ya Kaɗa Mini Ƙararrawa

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga watan Shawwal, daidai da sha uku ga Oktoban 2009, Allah ya karɓi ran Ustaz Jibrin Hamid a wani asibiti da ke Umdurman, bayan ya yi wata biyu yana fama da ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara sittin da uku. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. 'Yata Wafa ce ta bugo mini waya da hantsi, ina tsaye gaban inji a warsharmu, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Alshajara. Na kashe injin, na wanke hannu, na nemi motar Umdurman.

Ustaz, gidan talabijin ɗin da ka yi wa aiki shekara goma sha shida bai ambaci sunanka ba, ranar nan ko washegari. Wata jarida ta ba ka layi uku a ƙarƙashin sakamakon ƙwallo, ta kuma rubuta sunanka ba daidai ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Idirisu Badaru mai sassaƙar ƙarfe, wanda karatunsa ya tsaya a aji huɗu. Waɗanda suka san abin da ya shiga tsakaninmu za su yi mamakin ganin sunana a ƙarƙashin ta'aziyyarka. Ni ma ina mamaki.

Yaran yanzu ba su san Aljaras ba, wato Ƙararrawa, shirin kacici-kacicin da kake gabatarwa duk Alhamis bayan magariba. Mutum huɗu ne ke zama a gabanka, kana jefa musu tambayoyin tarihi da ƙasashe da addini da ƙwallo, da ƙararrawar makaranta ta tagulla a hannunka. Wanda ya kuskure ko ya makara sai ka kaɗa masa ita, ka bi shi da zolaya. Ina tuna likitan da ya kasa faɗin yawan ƙafafun gizo-gizo, ka roƙe shi in Allah ya kai ka asibitinsa ya ƙirga naka kafin ya fara aiki. A unguwarmu fitar da talabijin ake yi tsakar gida a ɗora kan tebur, maƙwabta su cika gadaje da tabarmi. Da sojoji suka karɓi mulki a 1989, akwatin ya cika da fareti da waƙoƙin yaƙi da jawabai, sai ya zama sa'a ɗayan nan taka ce kaɗai mutum zai yi dariya ba tare da ya waiga ba. Mun so ka ƙwarai. Ina so a san da haka kafin in faɗi sauran.

An haife ni a kambo kusa da Hasahisa. Wanda bai san kambo ba, matsugunin leburorin auduga ne a yankin Jazira, kudu da Khartum: ɗakunan laka da ciyawa a gefen magudanar ruwa, nesa da ƙauyen masu gonaki. Na zo Khartum ina saurayi, na koyi aikin ƙarfe. Abin da na sani na duniya daga rediyo na same shi, da tsofaffin jaridun da ake naɗo mana kayan gyara a ciki. Abokan aikina sun gaji da yadda nake riga masu gasa ba da amsa, sai a 1994 suka aika da sunana ba da sanina ba.

A shekarar nan kyautar zagayen ƙarshe kujerar hajji ce, kuma wanda ya ci yana iya ba wanda ya ga dama. Mahaifiyata, Inna Barakatu, tana 'yar shekara biyar mahaifinta ya ɗora ta a kan jaki daga Katagum da niyyar Makka. Suka tsaya a Jazira don tsinkar audugar kaka ɗaya, su sami guzuri. A nan aka binne shi, a nan ta yi aure, a nan ta tsufa. Na faɗa mata abin da ke kan teburin gasar. Bayan kwana biyu na tarar da ita tana sa matar limaminmu tana maimaita mata talbiyya.

Na ci zagaye uku a jere. Ka yi mini kirki a dukkansu. Ka kama hannuna ka nuna wa kamara baƙin man da ya ƙi fita daga faratana, ka ce a ba ni makirufo a cikin leda kada hukuma ta caje ni kuɗin wanki. Na yi dariya tare da kowa, don babu cizo a ciki.

Ranar ƙarshe mu biyu muka rage, ni da wani matashi mai ladabi, ɗan ƙanwar babban mutumin da aka gayyato ya miƙa kyautar, wanda ke zaune a sahun gaba. Makinmu ɗaya. Aka tafi hutu. Wani mutum cikin safari ya hau dandamali ya yi maka magana a kunne, ya daɗe. Na ga ka share fuska da hankici, ka nemi ruwa. Da aka dawo, tambayar ƙarshe tawa ce, in na same ta na ci. Ka tambaye ni babban birnin Ostireliya.

Na ce, "Kanbara."

Ka kai tafin hannu bayan kunnenka, ka juya wajen jama'a.

"Me ya ce? Kambo? Jama'a, mun tambaye shi babban birnin Ostireliya, ya ba mu adireshin gidansu."

Ka kaɗa ƙararrawa. Ɗakin ya fashe da dariya, har masu riƙe da kamara. Na buɗe baki in maimaita, na tarar an kashe makirufona. Ka miƙa wa matashin tambayar, ya faɗi kalmar da ya ji daga bakina, idonsa a ƙasa. Babban mutum ya tashi ya rungume ɗan ƙanwarsa, aka tafa.

Na gaya wa Inna tun a ranar cewa ban ci ba, amma ta nace sai ta gani da idonta ranar da aka nuna. Kunnenta ya yi nauyi a lokacin, Larabcin talabijin kuma yana yi mata sauri. Dariyar dai ta gane ta. Ta juyo ta ce, "Idirisu, me ka ce musu suke maka dariya haka?" Na ce mata kuskure na yi. Na ga ya fi mata sauƙi ta ɗauka ɗanta ya faɗi jarrabawa, da ta san abin da aka yi wa dariya.

Daga makon nan sunana ya zama Kambo. Kwandastan mota ya kira ni da shi, yaran unguwa suka kira ni da shi, mutanen da suka aika da sunana da hannunsu su ma suka kira ni da shi, suna cewa wasa ne. Wafa tana da shekara tara. Ta dawo daga makaranta wata rana da rigarta a yage, daga nan kuma ta daina amsa wa kakarta da Hausa. Inna za ta yi mata magana, ita ta mayar da Larabci. Haka suka zauna ɗaki ɗaya har Inna ta rasu bayan shekara biyu, ba ta ga ko Bahar Maliya ba.

Ranar uku da rasuwarta ka shigo rumfar makoki cikin farar jallabiya, kai kaɗai. Mutane suka fara taɓa juna. Ka ɗaga hannu muka yi fatiha, ka zauna kusa da ni, ka sunkuyo ka ce, "Sannu da haƙuri, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Inna." Da Hausa ka faɗa, Hausar Jazira, irin wadda mutum ba ya koyonta sai a bayan uwa. Na zauna kamar an zuba mini ruwan sanyi.

Da jama'a suka ragu ka ba ni labarinka. A kambo aka haife ka kai ma, wajen Manakil. Wani mufattishi, jami'in duba gonaki, ya ga kana da ƙwaƙwalwa ya kai ka makaranta Wad Madani. A can ka gane cewa da farar fatarka da Larabcinka, in ka rufe bakinka a kan Hausa babu wanda zai tambaye ka daga ina kake, sai ka rufe shi shekara talatin. Ka ce mai safari ya gaya maka babban mutum ba zai miƙa wa Bafallace, sunan da suke kiran irinmu da shi, kujerar hajji a gaban kamara ba, ya kuma tuna maka cewa sun san inda aka haife ka, takardunka suna hannunsu. Kana da 'ya'ya biyar. Sai ka ƙara abin da ban tambaye ka ba: cewa an umarce ka ka kayar da ni ne kawai, ba wanda ya ba ka maganar kambo. Daga cikinka ta fito, domin ka san inda ke yi mana zafi, kuma kana so mai safari ya ga kai ba namu ba ne.

Na ce maka ka faɗi wannan a talabijin ranar Alhamis mai zuwa. Ka ce ba za ka iya ba. Na ce to ka shanye shayinka ka tafi.

Ka tafi, ka kuma dawo. Duk bayan mako biyu ko uku sai in ɗaga kai daga inji in gan ka zaune a kan benci wurin Bakhita mai shayi, a ƙofar warsha. Ba ka shigowa, ni kuma ba na fitowa. Mun yi shekaru a haka. Duk Alhamis kuma kana nan a akwati da ƙararrawarka, kana ba ƙasa dariya, kamar babu abin da ya faru. Ba zan ɓoye ba, na roƙi Allah a kanka a waɗancan kwanaki, kuma ba alheri na roƙa ba.

A 1999 ka tambayi wani ɗan gasa mene ne mafi ƙanƙantar abin da ido ke iya gani. Ya ce ƙwayar ƙura. Ka ce ya kusa, amma burodin unguwarku ya fi ta ƙanƙanta. Da mako ya zagayo aka nuna fareti a lokacin shirinka, kai kuma aka miƙa maka takardar sallama a bakin ƙofa. Abin da ka ji tsoro har ka sayar da ni saboda shi, ya same ka bayan shekara biyar a kan maganar burodi. A kan tawa maganar ko kiranka ofis ba a yi ba.

Na ga yadda mutane suka yi da kai bayan haka, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Waɗanda ke rige-rigen gayyatarka bikin 'ya'yansu suka koma tsallaka titi in sun hango ka. Ka shiga koyar da nahawu gida-gida, da jaka a hammata, da takalmin da ya sha ɗinki. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Shekarar da Wafa za ta zauna jarrabawar gama sakandare ka zo har gidana ka ce in ba ka ita ka koyar. Na ƙi. Matata Aliya ta ce mini fushina nawa ne, kada in ɗora wa yarinya, ta shimfiɗa maka tabarma a gabana. Sau uku a mako kake zuwa daga Umdurman, mota biyu zuwa, mota biyu komawa, a cikin zafin nan na la'asar, kuma ba ka taɓa karɓar komai ba sai ruwan sanyi. Larabci kake koya mata, amma in ta kuskure sai ka yi mata faɗa da Hausa, in ta dace ka yabe ta da Hausa. Da farko takan haɗe rai. Wata rana ina shigowa na ji tana musu da kai da harshen da ta hana kakarta, tana dariya. Na koma waje na tsaya jikin bango har na iya shigowa. Ranar da sakamako ya fito ta sami gurbin karatun haɗa magunguna, ka ɗaga sandarka sama ka taka rawa a tsakiyar layi, dattijo da furfura, har mai keken jaki ya tsaya kallo.

Tun daga nan na fara fitowa wurin Bakhita. Ranar Alhamis in an tashi daga aiki, makanikai da masu walda su kewaye ka, ka buɗe musu Aljaras a kan benci, da cokali da kofin shayi a madadin ƙararrawa. Na lura da wani abu da ban taɓa faɗa maka ba: a shekarun nan duka ba ka buga wa kowa cokalin nan ba. In mutum ya kuskure sai ka yi ta zagaye da shi, kana ba shi harafin farko, kana kwaikwayon dabbar ko sarkin da ake nema, har ya faɗo kan amsar ya ɗauka shi ya gano. Bakhita da kanta ta taɓa lashe gasar, kan tambayar watannin Musulunci, ka miƙa mata cokalinta a matsayin kyauta, ka yi jawabin minti biyar da muryar manya. Mun yi dariya har wani ya zubar da shayi a cinyarsa. Ban san wani mutum da ya kai ka iya faranta wa talaka rai da abin da ba a saya ba.

A 2005 ka je tsohon wurin aikinka neman kaset ko ɗaya, don jikokinka su gan ka. Aka bar ka a ƙofa sa'a biyu, sannan wani yaron ofis ya fito ya ce an daɗe da naɗar wasu shirye-shirye a kan kaset ɗin Aljaras, babu ko guda. Ka zo ka ba ni labari kana murmushi, ka ce, "Har da naka, Idirisu. An goge." Na ce maka ba a goge ba, domin da safen nan ma wani direba ya kira ni Kambo. Murmushin ya ɗauke. Da na so da na yi shiru. Ban so ba.

Mako guda kafin rasuwarka na je duba ka bayan azahar. Ka rame har zoben azurfarka yana yawo a yatsa. Ka sa 'ya'yanka suka fita, ka riƙe hannuna ka ce in yafe maka. Na ce nawa na yafe tun ranar da na ji Wafa tana musu da kai, amma akwai na Inna, shi kuma ba a hannuna yake ba, ba zan ba ka abin da ba nawa ba. Ka ce, "Amsarka daidai ce." Ba mu sake magana a kai ba. Tun ranar Talata nake tambayar kaina me ya hana ni yi maka ƙarya. Na yi wa mahaifiyata ƙarya don in sauƙaƙa mata, kai kuma kana bakin kabari na tsaya sai gaskiya. Ban san ko adalci na yi ba ko kuwa ramuwa ce na ɓoye shekara goma sha biyar na fitar a ranar da ba ka da ƙarfin kare kanka.

Mutanen da suka raka ka makwanci ba su cika sahu uku ba. Daga gidan talabijin tsofaffin masu kamara biyu ne suka zo, su ma an daɗe da sallamarsu. Sauran maƙwabta ne, da ɗalibanka, da mu 'yan Alshajara da baƙin mai a farce. Ƙasar da ta yi shekara goma sha shida tana dariya da bakinka tana wurin harkokinta.

Washegari wata tsohuwa ta iso gidan makoki da ƙullin kaya a ka, ƙafafunta duk ƙura. Ta zauna a gefen mata. Aka ɗauka cikin matan da ke zuwa taya aiki take, aka tura mata tiren kofuna, ta karɓa ta shiga wankewa. Wafa ce ta zo wucewa ta ji tana kuka ƙasa-ƙasa a kan bahon, tana cewa, "Jatau, Jatau, ka riga ni." Yayarka ce Hadizatu, uwa ɗaya uba ɗaya, daga kambon Manakil. Ita ta goye ka, tun ana kiran ka Jatau. Ta ce ba shekarar da ba ka je mata ba, kai kaɗai, da sukari da atamfa, kana ce wa iyalinka aiki ne ya kai ka Madani. 'Ya'yanka ba su taɓa ganinta ba. Wafa ta cire mata kofi daga hannu, ta kai ta gaban babban ɗanka Tariq. Da ya fahimci ko wace ce, ya durƙusa ya sumbaci kanta ya yi ta kuka, ita kuma tana shafa fuskarsa da hannun da bai bushe da ruwan wanke-wanke ba. A gidan ƙaninta aka yi mata haka, kuma babu wanda zan zarga a cikin waɗanda suka miƙa mata tiren. Ba su sani ba ne. An tsara mana zama a ƙasar nan yadda mutum zai ga ya fi masa aminci ya ɓoye wadda ta goye shi, kuma waɗanda suka tsara hakan suna nan da ransu da lafiyarsu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajja Basma, wadda ta yi haƙuri da kai a shekarun yalwa da na ƙunci. Ga Tariq da Hussein da 'yan'uwansu mata. Ga Gwaggo Hadizatu da duk mutanen kambon da aka haife ka. Ga Bakhita da 'yan bencin Alhamis. Da kuma 'yata Wafa, wadda ta yi rashin uba na biyu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa zumuncin da ya fara a kan bahon wanke-wanke ya ɗore.

Ya Allah, ga bawanka Jatau ya zo maka. Ka san tsoron da ya ji da abin da tsoron ya sa shi, ka kuma san tafiyar da ya yi ta yi daga Umdurman zuwa ƙofata. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambayar da babu mai ba da harafin farko a cikinta. Abin da ke tsakaninsa da ni na sauke. Abin da ke tsakaninsa da Inna kuwa, Ustaz, in Allah ya haɗa ku ka yi mata bayani da kanka, da Hausa, a hankali, kusa da kunnenta. Ta fi ɗanta sauƙin zuciya.

Allah ya jiƙan ku duka biyu, ya kyautata namu zuwan. Amin.